Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sakataren Ma'aikatar 'Yan Mazan Jiya ta Amurka, a Kan Ƙarar Kunne da Gwiwa

Zuwa ga Mai Girma Sakatare,
Ma'aikatar Kula da 'Yan Mazan Jiya,
Birnin Washinton, Amurka.

Ranka ya daɗe,

Maƙasudin wannan takarda shi ne in kawo maka kukan wasu bayin Allah da ke ƙarƙashin kulawarka, wato tsofaffin sojojin da suka baro bariki da filin daga da raunin ji da ciwon gaɓoɓi, suka nemi kuɗin naƙasa da doka ta yanka musu, aka hana su ko aka ba su abin da bai taka kara ya karya ba, sa'an nan suka shiga layin ɗaukaka ƙara, inda wasu ke tsufa suna jira, wasu kuma ajali ya riske su kafin a zo kan fayil ɗinsu. Na rubuta ta da Hausa, kuma a fili, domin a cikin 'ya'yan Afirka ta Yamma da suka yi ƙaura zuwa ƙasar nan akwai waɗanda suka sa kaki ƙarƙashin tutar Amurka, har suka je Iraƙi da Afganistan, kuma iyayensu da matansu, waɗanda su ne ke ɗaga murya a gida kafin a ji su, su ne kuma ke shafa wa gwiwa man zafi da tsakar dare, sun cancanci su san abin da ake faɗa da yawun mazajensu.

Adalci ya wajabta in fara da ambaton alherin da ke akwai. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka tanadar wa tsohon soja ƙofofin kai kuka kamar yadda Amurka ta tanada. Tun 1933 aka kafa Majalisar Ɗaukaka Ƙara ta 'yan mazan jiya; a 1988 aka yi dokar da ta kafa musu kotu ta musamman, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatarka; a 2017 kuma majalisar dokoki ta gyara hanyar ƙarar baki ɗaya, gyaran da ya fara aiki a watan Fabrairu na 2019, ya ba wanda bai gamsu da hukunci ba shekara guda ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi uku: ko babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ko ya kawo sabuwar hujja a sake auna al'amarin, ko ya kai ƙara gaban alƙalin Majalisar. Har ma ma'aikatar ta ɗaukar wa kanta wa'adin kwana 125 a hanyoyin biyu na farko, da shekara guda a mafi gajartar hanyoyin Majalisar. Duk wannan abin yabo ne. Amma yawan ƙofofi ba ya amfanar wanda a kowace ƙofa za a auna shi da ma'aunin da ya kā da shi tun farko, kuma a kan wannan ma'auni nake son in ja hankalinka.

Mu fara da kunne, tun da rahotannin ma'aikatarka na shekara-shekara sun daɗe suna nuna cewa ƙugin kunne, wannan ƙara da mutum ke ji a kansa dare da rana ba tare da wani abu na kaɗawa a waje ba, shi ne kan gaba a dukan naƙasun da ake biyan tsofaffin sojoji, raunin ji da ƙagewar gwiwa kuma suna cikin na sahun farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masana sun ce amon da ya wuce desibel 85, in ya daɗe, yana cin kunne sannu a hankali, wanda ya wuce 140 kuwa yana iya yin ɓarna nan take, ga shi kuwa harbin bindigar soja guda ɗaya ya zarce wannan haddi, balle igwa, da injin tankar yaƙi, da jirgi mai saukar ungulu, da filin tashin jirage a kan babban jirgin ruwa. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Abin toshe kunnen ma da aka raba wa sojoji shekara da shekaru ya zama abin shari'a, har kamfanin 3M ya amince a 2023 zai biya dala biliyan 6 don kashe ƙararrakin da aka kai shi, ko da yake bai amsa laifi ba.

To, yaya ake auna wannan ɓarna? Ana shigar da tsohon soja wani ɗan ɗaki mai kauri, wanda aka lulluɓe bangonsa don kada ko motsin iska ya shiga, a rufe ƙofa, a ɗora masa abin saurare a kunne, a ba shi maɓalli ya danna duk sa'ad da ya ji ɗan siririn amo. Daga nan a karanta masa kalmomi 50 masu gaɓa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, da murya tsararriya, yana maimaitawa. Sai a ɗauki matsakaicin jinsa a matakan sauti huɗu, wato 1000 da 2000 da 3000 da 4000, a haɗa da yawan kalmomin da ya kama, a duba jadawali, jadawalin ya ba kowane kunne daraja daga ta ɗaya zuwa ta goma sha ɗaya, a sake duba wani jadawalin ya fitar da kason da za a biya. Kotun 'yan mazan jiya ma ta faɗa tun 1992, a shari'ar Lendenmann, cewa wannan hisabi aikin lissafi ne zalla, ba wurin ijtihadi a cikinsa. Sakamakonsa kuwa shi ne, mutumin da sai an ƙara wa sauti desibel 50 a kan matsakaici kafin ya ji shi, a kunnuwansa duka biyu, in ya kama kalmomi 46 cikin 50 a wannan ɗaki shiru, daraja ta ɗaya za a ba shi, kason da zai samu kuma sifili ne. Takarda za ta zo masa ta ce an yarda aikin soja ne ya raunana masa ji, za a ba shi na'urar ƙara ji kyauta, amma kuɗi babu ko sisi.

Ranka ya daɗe, ba wanda ke zaman duniya a cikin wannan ɗaki. Raunin da ƙarar bindiga ke haddasawa sautuka masu tsini yake fara ci, irin su sa da fa da sha, waɗanda da su ake rarrabe kalma da 'yar'uwarta, shi ya sa za ka ji tsohon soja yana cewa yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa. A gaban likita, mutum ɗaya na magana, ba hayaniya, sai ya ci jarrabawa. A wurin aiki kuwa, inda inji ke ruri, ko a kan tabarmar abinci inda yara uku ke magana gaba ɗaya, ko a sahun baya na masallaci ranar Juma'a, sai ka gan shi ya karkata kai, ya kafa wa leɓɓan mai magana ido, yana murmushi yana gyaɗa kai a inda bai ji kome ba, don kunyar ya ce a maimaita karo na uku. A 2007, a shari'ar Martinak, kotu ta wajabta wa mai gwajin ya rubuta yadda raunin ke shafar aikin mutum da zamansa na yau da kullum, amma tun da jadawali ne ke yanke kuɗi, sau da yawa wannan bayani layi guda ne da ake cikewa don sauke nauyi. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun hukunta cikakkiyar diyya ga wanda aka ɓatar wa ji ɗungurungum, daidai da diyyar rai, wanda kuwa jinsa ya ragu kawai, suka ce a toshe lafiyayyen kunnen, a yi ta kiransa daga wurare dabam-dabam ana gwada nisan, a biya shi gwargwadon abin da ya ragu. Gwajinsu bai kai na yau daidaito ba, amma sun fahimci cewa gwargwadon ragi gwargwadon haƙƙi, ba su kuma san wani ragi tabbatacce wanda diyyarsa sifili ce ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ma yarda da su cewa soja ne ya jawo musu ba. Hujjar da aka fi kafawa ita ce gwajin ranar sallama ya nuna kunne lafiya, saboda haka abin da ya bayyana bayan shekara 20 tsufa ne ko aikin farar hula. Kotu ta rushe wannan hujja tun 1993 a shari'ar Hensley, inda ta ce lafiyar kunne ranar sallama ba ta toshe ƙofar da'awa. Masu gwaji kan jingina da rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci na 2005 a kan amo da aikin soja, su ce ya kore yiwuwar rauni ya ɓoye sa'an nan ya bayyana daga baya, alhali rahoton da kansa ya ambata cewa ba a yi isasshen bincike na dogon zamani a kan mutane ba, abin da ya sa kotu a 2019, a shari'ar McCray, ta ce tilas a dubi wannan togaciya kafin a kafa hujja da shi. Tun 2009 ma binciken Kujawa da Liberman a kan ɓeraye ya nuna amo na iya lalata mahaɗan jijiyar ji ko da gwajin sauti ya koma daidai. Ga kuma musibar gobarar ranar 12 ga Yuli 1973 a ma'ajiyar takardun sojoji ta birnin San Luwis, wadda ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960. Wanda wuta ta ci takardunsa a hannun gwamnati, ba daidai ba ne gwamnati ta tuhume shi da rashin takarda.

Sai gaɓoɓi. Sojan ƙasa a tsaunukan Afganistan yakan ɗauki kaya na kilo 40 ko fiye, sulke da harsashi da ruwa da rediyo, ya hau ya sauka da su wata da watanni. Mai dira da laima yakan bugi ƙasa da gwiwa da idon sawu sau barkatai. Makanike kuma yakan yini a durƙushe a kan siminti. Guringuntsin da ya goge ba ya komawa, sai dai ya zama amosanin gaɓɓai bayan shekaru. Ranar gwaji, a kwantar da shi a kan gado, a ɗora masa ma'aunin kusurwa a gefen gwiwa, a ce ya lanƙwasa iyakar iyawarsa. Lafiyayyar gwiwa, a ƙa'idar ma'aikatarka, tana lanƙwasuwa daga sifili zuwa digiri 140. Wadda ta tsaya a 60 kasonta sifili ne. Sai ta kasa wuce 45 ake ba da kashi 10, a 30 kashi 20, a 15 kashi 30. Ke nan wanda gwiwarsa ta tsaya a digiri 90, ya rasa fiye da sulusin lanƙwasarta, ba ya iya tsugunawa, ba ya iya zaman tahiya, ya koma yin salla a kan kujera a gefen sahu tun bai cika shekara 45 ba, a jadawalin lanƙwasa bai rasa kome ba, sai dai a ba shi kashi 10 na zafin motsi, in mai gwajin ya tuna ya rubuta cewa ya ga yana yamutsa fuska.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne gwiwa ba halinta ɗaya ba kullum. Tana da ranar sauƙi, tana da ranar da za ta kumbura ta hana mai ita saukowa daga bene, musamman da sanyi ko bayan doguwar tsayuwa, kuma ba a sa ranar gwaji don ta dace da ranar tashin ciwo. Soja kuwa an hore shi tun yana kurtu kada ya ce wayyo, zuwa asibiti saboda gwiwa abin gori ne a bariki, don haka fayil ɗinsa na aiki shiru, ranar gwaji kuma ya sha magani ya cije ya lanƙwasa fiye da yadda zai iya gobe, jarumtakar da aka koya masa ta zama shaida a kansa. Kotu ta san wannan sarai. A 1995, a shari'ar DeLuca, ta ce a lissafa abin da zafi da gajiya da tashin ciwo ke ragewa. A 2016, a shari'ar Correia, ta ce a gwada gaɓa tana motsi da kanta, da kuma ana motsa ta, tana ɗauke da nauyi da kuma ba ta ɗauke da shi. A 2017, a shari'ar Sharp, ta ce mai gwaji ba shi da ikon fakewa da cewa bai ga tashin ciwon da idonsa ba, wajibi ne ya tambayi mai ciwon sau nawa yake tashi, kwana nawa yake yi, me yake hana shi, ya ƙiyasta daga nan. A 2018 kuma, a shari'ar Saunders, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce zafi shi kaɗai, in ya rage wa mutum ikon neman abinci, naƙasa ne ko ba a gano sunan cutar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokar ƙasarku ta yarda da haka.

Duk da waɗannan hukunce-hukunce, wanda ya karanta hukunce-hukuncen Majalisar Ɗaukaka Ƙara, waɗanda ake bugawa a fili kowa ya gani, zai yi ta cin karo da ƙararrakin da aka mayar ofishin farko saboda gwajin bai cika sharuɗɗan Correia ko Sharp ba, ko saboda mai gwajin kunne ya sake kafa hujjar da aka rushe tun 1993. Ma'anar wannan ita ce mutum ya jira shekara ko shekaru, alƙali ya ce masa an yi maka gwaji ba daidai ba, koma a sake, ya koma, wani lokaci a sake yin kuskuren nan dai, ya sake ɗaukaka ƙara. Ba a ce ya yi ƙarya ba, ba a kuma ba shi haƙƙinsa ba. Ko da daga ƙarshe an biya shi bashin watannin baya a dunƙule, kuɗin da ya zo bayan an kore shi daga gidan haya, ko bayan ya bar aikin da gwiwa ta hana shi, bai yi aikin da aka yanka shi dominsa ba.

Dokarku tana da wata ƙa'ida mai daraja, wadda ta ce in hujjojin da ke goyon bayan tsohon soja da waɗanda ke kore shi suka yi kusan kunnen doki, shakka tasa ce, a ba shi. Kotu ta bayyana wannan tun 1990 a shari'ar Gilbert, hikimarsa kuwa ita ce ƙasar da ta aika mutum ga halaka ta fi cancantar ɗaukar asarar kuskure fiye da shi. Amma a watan Maris na 2025, a shari'ar Bufkin, Kotun Ƙoli ta hukunta cewa in ma'aikatarka ta ce hujjoji ba su yi kunnen doki ba, kotun 'yan mazan jiya ba za ta sake aunawa daga tushe ba, sai in kuskuren ya fito ƙarara. Wannan hukunci ya mayar da nauyin kacokan wuyanka. In jami'anka ba su ba da shakka ga mai ita ba, da wuya wani a sama ya ƙwato masa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma yawancinsa yana cikin ikonka ba sai an koma majalisar dokoki ba. Na farko, tun ran gini ran zane: kada a karɓi rahoton gwajin gaɓa, ko daga likitan ma'aikata ko daga kamfanonin da ake ba kwangilar gwaji, sai ya amsa tambayoyin da kotu ta wajabta, a mayar wa mai gwajin da rahotonsa cikin mako, maimakon a mayar da tsohon soja baya bayan shekaru. Na biyu, a shigar da gwajin fahimtar magana cikin hayaniya a jadawalin kunne, tun da likitocin ji sun daɗe da irin wannan gwaji, a kuma sake duba haddin da ke ba raunin da aka tabbatar sifili. Na uku, tun da ma'aikatar da kanta ta fitar da jerin ayyukan soja da gwargwadon amon da ke cikin kowanne tun 2010, wanda aikinsa ke cikin masu tsananin amo, ɗan igwa ne ko ma'aikacin filin jirgi, kada a ƙi shi da hujjar gwajin ranar sallama kaɗai. Na huɗu, ƙugin kunne kashi 10 ne tak ake ba shi, ko kunne ɗaya ko biyu. Shawarar da aka gabatar a 2022 ta a daina ƙidaya shi naƙasa mai zaman kanta, a mai da shi alamar wata cuta, ina roƙon kada ta zama hanyar zare wa na baya ɗan abin da na gaba suka samu. Na biyar, ƙarar da aka mayar saboda kuskuren ma'aikata, a sa ta gaban layi a kuma ɗora ta a hannun jami'i guda sananne har ta ƙare, a riƙa kuma buga yawan irin waɗannan kurakurai ofishi-ofishi, domin abin da ake ƙidayawa a fili shi ake gyarawa.

Na san za a ce baitulmali yana da iyaka, kuma akwai masu ƙarin gishiri a da'awarsu. Haka ne, amma maganin mai ƙarya shi ne gwaji mai kyau, wanda shi ne dai abin da nake nema, kuma kuɗin da ake kashewa wajen gwada mutum ɗaya sau uku da tara masa alƙalai da lauyoyi, daga baitulmalin nan yake fita.

Ku kuma 'yan'uwa masu wannan lalura da iyalanku, kada ku bar shekarar ɗaukaka ƙara ta wuce, domin wanda ya ci gaba da bin ƙararsa cikin wa'adi ranar da'awarsa ta farko ba ta faɗuwa. Ku rubuta ranakun tashin ciwo a littafi, matar gida da abokin bariki su rubuta shaidar abin da suka gani, ku nemi wakilan ƙungiyoyin 'yan mazan jiya da ma'aikatar ta amince da su, waɗanda ke taimakawa kyauta, ranar gwaji kuma ku faɗi halin da kuke ciki a mafi munin ranakunku ba tare da ragi ko ƙari ba.

Ranka ya daɗe, waɗannan mutane ba sadaka suke bara ba. Sun ba da ji da gwiwa bisa alkawari, alkawari kuwa bashi ne, kuma jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne a shari'armu da taku. Ina roƙonka ka sa a gyara gwajin farko, a ba da shakka ga mai ita, a biya su tun suna da rai. Allah Ya ba ka ikon yin adalci.

Haza wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani Bahaushe mazaunin Amurka.